Takardar Manu Mai Rijiya

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zura ni cikin rijiya da takardar gwamnati a bakina ba. Tunda ku ma'aikatan yanzu kun matsa sai na rubuta muku wani abu daga zamanin da na yi masinja, to ga shi nan. Ku yi haƙuri da rubutun. Ban shiga aji ba sai da na yi furfura, a makarantar yaƙi da jahilci, kuma ko a can malamin cewa ya yi in riƙa zama kusa da ƙofa, don in gyangyaɗi ya kama ni in fita ba tare da na taka kowa ba.

Abin ya faru ne shekaru kaɗan kafin yaƙin Turawa na biyu, lokacin da dajin Birnin Gwari ya cika da masu haƙar zinariya. Bari in faɗa muku yadda ofis yake a lokacin, don yanzu an sake sunan komai. Can sama akwai Razdan a Zariya, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai sa hannunsa. Ƙarƙashinsa akwai Di'o, Baturen da ke kula da ƙasarmu, yana zaune a bariki. Namu na lokacin Mai Lofe muke kiransa, don ko magana zai yi ba ya cire lofen daga baki, sai dai ya matsar da shi gefe. Ƙarƙashinsa akwai Akawu, Mista Kofi, mutumin Gwalkwas, ƙasar da yanzu ake kira Gana, mai rubuta komai da adana fayil. Ƙarƙashin Akawu akwai tebur, ƙarƙashin tebur akwai karen Di'o, sannan ni, Audu. Aikin masinja shi ne ya kai takarda, ya sa wanda aka kai wa ya sa hannu a littafin karɓa, ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani. An ba ni jar hular dara da ɗamara, da wani keke da ya fi son a tura shi da a hau shi.

A cikin Turawan zinariya akwai wani da bai yi kama da sauran ba. Sunansa Manoli, mutane suka gajarta shi ya koma Manu. Gajere ne mai baƙin gashi, tafin hannunsa kamar na maƙeri. Wani kamfani ne ya ɗauko shi daga ƙasar Girka don ya kafa musu injin zuƙe ruwa daga ramukan zinariya. A kansa na fara sanin cewa Turawa ma akwai ɗan gida akwai baƙo. Ni a da duk wanda na gani fari, na ɗauka ɗan'uwan Sarkin Ingila ne. Akawu ne ya wayar mini da kai. Ya ce shi Kofi, baƙin mutum, yana iya zama a ƙasar nan har ya mutu ba mai tambayarsa, don tutarsu ɗaya da tamu. Amma Manu sai da takardar izini, irin wadda yanzu kuke kira biza. Tasa ta wata shida ce, an kuma rubuta sunan kamfanin a jikinta. Kamfanin nan kaɗai zai yi wa aiki. In ya ɗaga guduma don wani, a ɗora shi a mota zuwa Zariya, daga nan jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa.

Na ce, "Akawu, ko ƙusa ya buga wa maƙwabcinsa?"

Ya ce, "Ko ƙusa, Audu. Ba a rubuta maƙwabci a takardar ba."

Wata uku da zuwan Manu zinariyar ramin ta ƙare. Kamfanin ya kwashe kayansa ya yi gaba, ya bar shi da akwatin ƙarfe ɗaya da sauran wata uku a takarda. Maimakon ya nemi hanyar gida, sai ya bi wasu leburorinsa zuwa ƙauyensu, can gaba da Kutemeshi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, jikokinsu na nan, wasu ma suna aiki tare da ku. Ruwan kududdufi suke sha, kuma duk shekara daidai lokacin noma kurkunu kan kwantar da rabin mazan garin. Sun taɓa haƙa rijiya, suka kai gaba goma suka ci karo da dutse, suka bar ta. Ashe uban Manu haƙar rijiya ce sana'arsa. Ya leƙa ramin nan sau ɗaya, ya ce a kawo igiya.

Ba a daɗe ba labari ya iso bariki. Mai Lofe ya kira ni.

"Audu, ka san ƙauyen?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Je ka duba mini mutumin nan. Yana aiki ko ba ya yi. Abin da ka gani za ka faɗa mini, ba abin da ka ji ba."

To, a nan sai na bayyana muku wata al'adar aikinmu wadda ba ta cikin littafin kowa. Masinja ba ya faɗa wa gari haka kawai kamar ɓarawo. Yakan aika tun ana gobe cewa yana tafe. In ka tambaye mu dalili, sai mu ce girmama dagaci ne, kada a same shi ba rawani. Haka ne kuwa. Amma akwai wani dalilin a bayan wannan: kaza ba ta kamuwa da sauri, kuma tuwon gaggawa gudaji yake yi. Haka na tarar wanda na gada yana yi, shi ma haka ya tarar, kuma bai taɓa zo mini a rai ba cewa akwai aiken da bai kamata a yi masa sallama tun daga nesa ba.

Mai kai mini saƙo wannan yankin Dije ce, wata Bafillatana da ke kawo nono bariki, rugarsu na bayan ƙauyen. Kakana Babarbare ne, don haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba.

Na ce, "Dije, ki gaya wa dagaci gobe ina tafe duba Baturen nan."

Ta ce, "Bawana, Bature za ka duba ko tukunya?"

Na ce, "Duka biyun aikin gwamnati ne."

Na isa da hantsi. Na sami Manu zaune a kujera ƙarƙashin tsamiya, sanye da farar rigar da ba ta taɓa sanin ƙasa ba, ya kifa hularsa a kan hannayensa. Can gefe ga wani sabon rumbu an ɗora masa jinka, sai dai ban taɓa ganin rumbun da jinkarsa ke zaune a ƙasa ba. A bayansa an tara jar ƙasa tsibi guda, ta fi ni tsawo. Mazan gari kowa na zaune a inuwa yana kallon sama, duk suna haki.

Na faɗi na gaida dagaci, wani dattijo siriri wanda fuskarsa ba ta nuna komai. Bayan an gama gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan rumbun fa?"

Ya ce, "Sabon yayi ne, Masinja."

"Wannan ƙasar fa?"

"Gara ce."

Na dubi tsibin nan sama da ƙasa, na ce, "Garar garinku akwai himma."

Ya ce, "Ƙwarai. Bismilla, an sauke abinci."

Kafin in zauna na je na gaida Manu. Hausarsa ta leburori ce, guntu-guntu. Ya ce, "Sannu, Masinja. Ni zaune. Kullum zaune." A bayan kunnensa akwai jan laka wanda mai wanke shi ya manta. Na ga lakan, na ga kazar, na zaɓi wadda zan ƙura wa ido.

Da na koma na ce wa Mai Lofe, "Na same shi a zaune, ranka ya daɗe, hannunsa ƙarƙashin hula." Akawu ya rubuta. Ku duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a maganar nan. Sau uku aka aike ni cikin sati biyar, sau uku Dije ta riga ni, sau uku na same shi a zaune. Garar garin kuwa har ta fara fitar da fasassun duwatsu. Ina dawowa kan keke cikina ƙoshe, ina jin kaina mutumin kirki, na ceci baƙo, na taimaki gari, ban kuma yi wa ubangidana ƙarya ba. Ban san wani ma'aikaci da ya taɓa jin daɗin kansa kamar ni a makonnin nan ba.

Abin da ban sani ba shi ne, fayil ba ya kwana inda aka rubuta shi. An aika da shi Zariya, Zariya ta ba da amsa. Akawu ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya dube ni.

Ya ce, "An soke takardar Manu. Sun ce an ba shi izini ne don ya yi aiki. Rahoto uku ya tabbatar ba ya yin komai. Mutumin da ba ya aiki ba shi da dalilin zama. Ya fita cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da takardar nan ta shiga hannunsa ya sa hannu."

Na ce, "Tsaya, Akawu. In ya yi aiki a kore shi?"

"A kore shi."

"In bai yi ba fa?"

"A kore shi."

"To me zai yi ya zauna?"

"Ya yi wa kamfanin aiki."

"Ai kamfanin ya tafi."

Ya ce, "Yanzu ka gane doka. Saura a ba ka tebur." Ya juyo da fayil ɗin ya nuna mini layi uku da ban iya karantawa ba. "Da ka ce ba ka same shi ba, da fayil ya kwanta har takardarsa ta ƙare don kanta, sati shida nan gaba. Bakinka ne ya kore shi, Audu. Ga shi nan sau uku, da rubutuna."

Aka ba ni takardar da littafin karɓa. A wannan karon da na aiki Dije, na yi mata bayani sosai: takarda ce da ba ta fara ƙidaya sai an sa mata hannu. Washegari na isa na sami kujera ba kowa. Dagaci ya ce Bature ya shiga daji neman zuma. Daga ƙarƙashin jinkar nan kuwa ana jin guduma tana sauka a kan ƙarfe, duk saukar da ta yi sai dagaci ya yi tari. Da tarin ya ishe shi, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Masinja, ai kai ba baƙo ba ne. Ya fasa dutsen, ruwa ya fara tsatsowa. Saura ɗauri, a jera duwatsu daga ƙasa har baki. In damina ta sauka ba a ɗaure ta ba, za ta rufta, kuma ba mu san da wa za ta rufta ba. Wata ɗaya yake nema. Takardarka ba za ta iya yin wata ɗaya a aljihu ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aljihuna zai iya. Ban san na Mai Lofe ba."

Na koma na ce ban same shi ba. Bayan kwana huɗu aka sake aikena, na sake rashin samunsa. Ina jin da na ci sati huɗun nan haka, ba don Dije ba. Wata safiya ina tsaye a barandar bariki, Mai Lofe na zaune yana duba takardu, ta shigo ta sauke ƙwaryarta, ta ɗaga murya yadda ta saba.

"Bawana, gobe ma in ce su ɓoye shi, ko yau ba aike?"

Dije ta ɗauka Bature ba ya jin magana sai an rage mata gudu. Mutumin nan kuwa ya ci jarrabawar Hausa har biyu. Ya matsar da lofen daga dama zuwa hagu. Bai yi faɗa ba. Ya kira kuku ya ce a sayi nonon duka, a ba ta wuri ta huta, kada ta sha wahalar komawa cikin rana sai la'asar. Sannan ya ce, "Audu, ɗauko littafi." Ya hau doki, na bi shi ina tura keke. A duk shekarun aikina, ranar ce kaɗai na shiga gari ba wanda ya san ina tafe.

Tun daga nesa muka jiyo gangar gayya. An ɗage jinkar an ajiye gefe. Maza sun yi layi a kan igiya, matan Gwari na kawo duwatsu a kafaɗa, wasu samarin Fulani sun ɗaura wa bijimi wani ƙaton dutse yana ja. Wani na tsaye a bakin ramin da madubi yana haska rana zuwa ciki. Makaɗin ne ya fara ganin doki, gangar ta mutu a hannunsa. Dagaci ya juyo, ba rawani, laka har gwiwa. Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya ci kazarka biyar ya kasa aiko da kalma ɗaya.

Mai Lofe ya ce, "Dagaci, ina Baturen?"

Dagaci ya nuna ƙasa da yatsa.

"Wa ke biyansa?"

"Ba mai biyansa, ranka ya daɗe. Gayya ce."

"Waɗannan fa, wa ke biyansu?"

"Ba kowa. Fura ce da kiɗa. Yau a yi naka, gobe a yi na wani. Wannan na kowa ne."

Mai Lofe ya ce, "A dokar da ke hannuna babu gayya." Ya sauka daga doki ya leƙa ramin, ya yi magana da Turanci. Murya ta taso daga can ƙasa, da Hausa, don kowa ya ji: "Ba fita. Dutse a hannu. In na saki, ya faɗi."

Mai Lofe ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Ya ce an rubuta takarda ta shiga hannun mutumin, ba a rubuta sai hannun yana bisa ƙasa ba. Sannan ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da iyali."

Ya ce, "Shi ya sa za ka riƙe igiyar da kyau."

Rabin duro ne suke fitar da ƙasa da shi. A ciki aka zaunar da ni, littafi a ɗamara, fensir a bayan kunne, takarda a baki don hannayena biyu na kan igiya kuma ba su da niyyar barinta. Masu zura ni su ne masu kajin da na ci. Ba su sake ni ba, Allah ya saka musu, amma sun tabbatar na ji kowace gaba. Sai su saki da sauri, su tsaya cak, duron ya juya ya gaida bango. Ina jin wani daga sama yana cewa, "Masinja ya yi nauyi fa, ko a nan ne zakarana ya shiga?" Gaba goma sha takwas ce. Duk abin da na haddace a makarantar allo na karanta shi ta hanci, kuma bai kai ni rabin hanya ba, sai da na sake daga farko.

Ƙasan rijiyar akwai sanyi, ruwa iya idon sawu. Manu na durƙushe ba riga, ya tokare wani dutse da kafaɗa. Daga inda yake zuwa sama da kaina an jera duwatsu zagaye, kowanne ya zauna a kan biyu, sumul kamar cikin tulu. Ya karɓi takardar da hannu ɗaya, ya karanta da hasken madubin. Ya daɗe yana dubanta.

Ya ce, "Wa ya ce ni ba aiki?"

Na ce, "Ni."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ya yi dariya har dutsen ya motsa. Ya ce, "Ni na sa farar riga. Kai ka ci kaza. Mu biyu wawaye."

Na rage murya, ko da yake ba mai jinmu sai kwaɗo. Na ce, "Manu, kada ka sa hannu. Zan ce ta faɗa ruwa."

Ya girgiza kai. "Su aiko wata, da ɗan doka. Ɗan doka ba sha huɗu. Ɗan doka yau." Ya goge hannunsa a rigata, rigar gwamnati, ya zare fensir daga kunnena ya sa hannu. Ya ce, "Ina so ashirin da biyu. An ba ni sha huɗu. To. Riƙe nan."

Ya ɗora hannayena a kan dutsen, ya zare kafaɗarsa, ya fara cusa ƙananan duwatsu a ƙarƙashi. Na ja igiya don a fitar da ni, ba wanda ya amsa, duk sun tafi gaida Di'o da riƙe masa doki. Haka na tsaya ina tallabe da dutse, daga wannan zuwa wancan, har hasken madubin ya kauce. Shekarata bakwai ina aikin gwamnati, ranar ce na fara yin gumi a bakin aiki.

Da aka fito da ni, na sami Mai Lofe zaune a kujerar Manu ƙarƙashin tsamiya, an ajiye masa furar da bai taɓa ba. Na miƙa masa littafin. Ya dubi sa hannun da shatin babban yatsa na laka a gefensa.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Yana aiki, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin mutum yana aiki haka ba. Har ni ya sa."

Ya ce, "Wannan ba za a rubuta ba. An riga an rufe fayil a kan ba ya aiki. Ba zan sake buɗe shi don masinja ya canza baki ba." Ya ƙirga kwanaki a yatsunsa, ya ce sha huɗu ya faɗa ranar Asabar. Motar Zariya kuwa sai Talata take tashi, kuma ba laifin kowa ba ne in mota ba ta tashi ba. Kwana uku ke nan ya ƙara, bai kuma dubi kowa ba lokacin da yake faɗa. Sannan ya juya ga dagaci.

"Zan bar maka masinjana ya tsare mutumin nan kada ya gudu. Inda yake, nan zai kasance. Kuma dagaci, kada a yanka masa komai."

Kwana goma sha bakwai na yi a ƙauyen nan ina cin tuwon dawa da miyar kuka. Tunda wanda nake tsaro a cikin rijiya yake wuni, ni ma can nake wuni. Daga sallar asuba har magariba ganga ba ta tsayawa, ƙauyukan kusa suka riƙa aiko da mutane, kowa da ranarsa. Manu yana da wani zare mai ɗaure da dunƙulen dalma, duk dutsen da ya ajiye sai ya saki zaren ya gwada. Ni nakan ce ya zauna daidai. Shi kuma ya ce, "Duba zare, Audu. Kada ka duba da ido. Idonka ya saba." Ban tambaye shi abin da ya saba da shi ba.

Ran Litinin ta ƙarshe ɗaurin ya kai saura gaba ɗaya da rabi zuwa baki. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma yana watsewa. Dagaci ya ce a ɓoye Manu a ruga kwana biyar, Fulani sun yarda. Manu ya ƙi. Ya ce in ya ɓace, ni za a ɗaure, dagaci kuma a cire masa rawani, kuma sunansa ya ɓaci a kowace tashar jirgin ruwa. Ya sa aka ɗebo masa ruwan rijiyar, ja wur da laka, ya sha rabin ƙwarya. Ya ba dagaci zaren. Da asubahin Talata na ɗaura akwatinsa a keke, muka taka har tasha. Ɗan doka na jiransa a gaban motar. Da zai hau ya kama hannuna, ya juya tafin ya dubi kantar da ta fito, ya ce, "Yanzu kai ma ɓoye a hula." Ban ƙara jin labarinsa ba.

Saura gaba ɗaya da rabin nan mu muka ƙarasa. Da yake ni ne na fi kowa daɗewa kusa da shi, na naɗa kaina shugaban aiki. Hadari na tasowa, mutane na gaggawa, zaren kuma yana ɓata lokaci, sai na riƙa gwadawa da ido. Cikin kwana huɗu muka kai baki. Kwana biyu bayan haka ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Rijiyar ta tsaya.

Shekarar da ta biyo baya, gwamnati ta kawo nata Baturen rijiyoyi, da takardar shekara uku da mota da tanti. Ni na raka shi ƙauyen. Bai shiga ba, ya dai kwanta a bakin ya leƙa da tocila. Ya ce bai taɓa ganin ɗauri irin na ƙasan nan ba a duk lardin, wa ya yi? Aka tambayi Akawu, Akawu ya ɗauko fayil, fayil ya ce mutumin da ake zato bai taɓa yin aiki ba. Sai Baturen ya rubuta cewa aikin gargajiya ne na mutanen gari, ya kuma ba da shawarar a nemo wanda ya yi saman a hana shi taɓa dutse. Ina tsaye a bayansa riƙe da hularsa, na ce lalle ya kamata.

Abin da na koya ke nan, kuma ku da kuke buga hatimi a takardun baƙi yanzu ya fi shafa. Takardar izini ta san wanda mutum ke yi wa aiki, ba ta san aikin da yake yi ba, kuma ba za ta taɓa tambaya ba. Maganar da ka faɗa a ofis tana tafiya sama ita kaɗai, ba ka tare da ita balle ka ce ga abin da kake nufi. Ni ban yi ƙarya ba ko sau ɗaya, na dai zaɓi gaskiyar da ta fi mini daɗi, ta kuwa ci wa mutum sati uku da yake da haƙƙinsu. Kafin ka amsa tambayar babba, ka san abin da za a yi da amsar. Mutanen da na yi aiki da su ba mugaye ba ne. Akawu ya rubuta abin da aka faɗa, Zariya ta karanta abin da aka rubuta, Mai Lofe ya ba da kwana ukun da ya samu a jikin mota. Kowa ya yi aikinsa daidai, mutum ɗaya da ya iya abin da garin ke buƙata ya hau jirgi.

Rijiyar na nan har yau, ana sha. In aiki ya kai ɗayanku wajen, ya leƙa da rana tsaka. Zai ga ɗaurin ya taso daga ƙasa a miƙe, ba inda ya kauce, har saura gaba ɗaya da rabi. Daga nan zai ga ya karkata hagu, ya yi ciki, ya dawo dama. Daidai wurin nan ne takardar Manu ta ƙare.